Kokowa da Dambe a Ƙasar Ƙonni da Adar

Kokowa da dambe su ne manyan wasannin gwada ƙarfi na Hausawa, kuma gundumomin Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela na jahar Tawa a Jamhuriyar Nijar sun gaji duka biyun tun kaka da kakanni. Kokowa kamawa ce da kayarwa, babu duka a cikinta. Dambe kuwa naushi ne da hannu ɗaya naɗaɗɗe. A da kafaɗarsu ɗaya a dandalin gari. Daga 1975 ne hanyarsu ta rabu, lokacin da hukumar Nijar ta ɗauki kokowa ta mai da ita wasan ƙasa, dambe kuma ya ci gaba da neman abincinsa a hannun 'yan kallo, galibi a kudancin iyaka, wato a Najeriya.

Asali

Babu al'ummar da ta ƙago kokowa ita kaɗai. A kaburburan Bani Hasan na ƙasar Masar akwai zanen 'yan kokowa ɗaruruwa a jikin bango, wanda ya kai shekara 4,000. Girkawa sun shigar da kokowa wasanninsu na Olimfiya a shekara ta 708 kafin haihuwar Annabi Isa, suka ƙara da dambe bayan shekara 20. Malaman hadisi ma sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kayar da Rukana, ƙaƙƙarfan Ƙuraishawa, kuma da wannan ruwaya masu kare wasan kan kafa hujja idan an zo gardamar halascinsa.

A ƙasar Hausa kokowa 'yar kaka ce. Sai an yanke gero, an ɗaure dammuna, an cika rumbu, sannan samari ke samun sukuni da ƙoshin da za su gwada ƙwanji. Ƙauye ya aika wa ƙauye goron gayyata, a share fili a bakin gari, a yi da'ira, makaɗa su zauna gefe guda. Ɗan kokowa yakan fito da walki ko bante, layu a wuya, kambu a damtse, guru a ƙugu. Idan makaɗi ya buga takensa sai tsuma ta kama shi, ya zagaya fili yana kirari, yana ambaton garinsu da waɗanda ya taɓa kayarwa. In an haɗa biyu, ba a ruga wa juna. Kowa ya duƙa, ya shafi yashi a tafin hannu don kada gumi ya sa kamu ya sulɓe, sannan a fara lalube: wannan ya kai hannu ga wuya, wancan ya kaɗe, ana neman ƙafa ko ƙugu. Ana iya daɗewa a haka, har wanda bai san wasan ba ya ɗauka ba a yin komai, sai cikin ƙiftawar ido a ga mutum a ƙasa. Ladan wanda ya yi kaye a wancan zamani bai wuce goro, 'yan kuɗi da guɗar 'yan mata ba, amma sunan da zai samu yakan kai shi har gidan surukai.

Dambe ya fi alaƙa da mahauta, shi ya sa kiɗansa kalangu ne, gangar fawa. Ɗan dambe yakan naɗe hannunsa mai ƙarfi da ƙyalle, a bi shi da zare a ɗaure tamau har ya zama kamar dunƙulen dutse, ɗaya hannun kuma a miƙe yake don kariya da auna tazara. Turmi uku ake yi. Wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an ce an kashe shi, ko da kuwa ya tashi yana murmushi. Kusa da waɗannan biyu akwai sharo na Fulani, wanda gwajin jimiri ne a gaban bulala, da wasan 'yan tauri masu nuna ƙarfe ba ya cin su.

Iyaka ta ratsa tsakani

Ƙonni tsohuwar masarauta ce, wadda ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine ya yi wa kisan gilla a 1899. Da Faransa da Ingila suka gama shata iyaka a farkon ƙarni na 20, sai Ƙonni da Adar suka faɗa hannun Faransa, Sakkwato ta zauna a hannun Ingila, alhali tafiyar da ke tsakanin Ƙonni da Sakkwato ba ta kai kilomita 100 ba. Mai karatu ya lura, Illela biyu ce: akwai ta jihar Sakkwato wadda ke fuskantar Ƙonni a bakin iyaka, akwai kuma ta Nijar, mazaunin Sarkin Adar, a arewa kan hanyar Tawa.

Iyakar ba ta hana 'yan wasa da makaɗansu zirga-zirga ba. Waƙoƙin Ɗan Anace, wanda ya yi wa ɗan dambe Shago kiɗa, an saurare su a kasuwannin Ƙonni, Galmi da Badagishiri kamar yadda aka saurare su a Gusau. Sai dai a Najeriya dambe ya koma sana'ar birni, ana shiga gidan dambe da kuɗin ƙofa, 'yan wasa sun kasu ɓangare uku: Kudu, Arewa da ake kira Jamus, da Guramaɗa. A Nijar bai samu irin wannan kasuwa ba, bai kuma samu gata daga hukuma ba.

Takobi

Gwamnatin soja ta Seyni Kunce, wadda ta karɓi mulki a Afrilun 1974, tana neman abin da zai haɗa Bahaushe, Bazabarme, Babarbare, Buzu da Bafillace a inuwa ɗaya. Ta farfaɗo da ƙungiyoyin samariya, ta kuma ga cewa kokowa na tara jama'a ba tare da an tilasta wa kowa ba. A 1975 aka buɗe gasar kokowa ta ƙasa, kuma a birnin Tawa aka yi ta farko. Yakuba Ango, wanda aka fi sani da Kantu, ɗan jahar Maraɗi, shi ya fara ɗaukar takobin da ake ba zakaran gasar. A bayansa sunayen Salma Ɗan Rani na Doso, Kadade na Tawa da Langa-Langa na Damagaram suka cika ƙasa, ta bakin rediyo da kuma bakin mawaƙin kokowa Sagalo. Yau filayen kokowa na Maraɗi, Doso da Damagaram suna ɗauke da sunayen Kantu, Salma da Langa-Langa.

Abin da ya faru da kokowa a 1975 shi ne ya faru da wasannin faɗa na wasu ƙasashe kafin nan. Damben Turawa ya zama wasan duniya ne bayan dokokin Queensberry na 1867 sun wajabta safar hannu da ƙayyade lokaci. Judo kuwa wani malamin Japan mai suna Jigoro Kano shi ya tace shi daga tsoffin dabarun faɗa a 1882, har ya shiga wasannin Olamfik a 1964. Haka kokowar Nijar ta samu alƙalai da usur, da agogo, da gargaɗi ga mai gudun kamu, da fili zagayayye mai yashi wanda aka kewaye da buhuna. Jahohi takwas kowace na kawo mutum goma, jimla 80, kuma gasar na zagayawa daga babban birnin wannan jaha zuwa na waccan. Wanda ya rage bai faɗi ba shi ake naɗa wa rawani a miƙa masa takobi, da kyautar kuɗi. Abin da doka ba ta iya kora ba shi ne asiri: har yanzu ɗan kokowa na shiga fili da gorar rubutu yana yayyafa wa jikinsa, 'yan calicali kuma na bin gefe suna kwaikwayon kaye don ba jama'a dariya.

Ga gundumomi irin su Ƙonni, Illela da Malbaza, wadda aka cire daga Ƙonni a 2011, tsarin ya zama tsani. Yaro ya fara a dandalin ƙauyensu, ya ci zaɓen gunduma, sannan ya nemi gurbi cikin goman da za su wakilci Tawa. Wannan ya ɗaga darajar wasan ƙwarai, amma yana da tsadarsa. Idon jama'a ya koma kan kwana goman gasar ƙasa da talbijin ke nunawa, kokowar farin wata ta ƙauye kuma ta ja baya, musamman da yake samarin Adar da yawa kan tafi ci-rani da zarar an gama girbi, wato daidai lokacin da ake buƙatarsu a fili.

A waje, kokowar gargajiya ta shiga wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci da aka yi a Yamai a 2005, kuma 'yan Nijar sun sha karawa da 'yan Senegal da Najeriya a gasar ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma. Amma lambobin Olamfik biyu na farko da Nijar ta samu daga wasannin faɗa na baƙi suka fito: tagullar Isaka Dabore a damben Turawa a Munich cikin 1972, da azurfar Abdurrazak Isufu Alfaga a tekwando a Rio cikin 2016. A gida kuwa takobi ya fi su amo. A gasa ta 44 da aka yi a Agadas a ƙarshen Disamban 2023, Kadri Abdu na Doso, wanda ake kira Isaka Isaka, ya ɗauki takobinsa na shida.