Jiragen Da Suka Bar Samaniyar Kaduna

Duk wanda ya taso daga Tirkaniya zai shiga jirgin sama, hanyarsa sananniya ce. Zai hau titin Nnamdi Azikiwe da mutanen gari ke kira Baifas, ya haye kogin Kaduna, ya bi ta Bakin Ruwa da Kurmin Mashi har ya ɓulla Mando, sannan ya kama hanyar Birnin Gwari. A Mando zai gifta tsohon filin jirgin Kaduna, inda sojojin sama suke, da kuma sansanin alhazai. Sabon filin, mai nisan kusan kilomita 22 arewa maso yamma da gari, a 1982 aka buɗe shi. Matashin da ke zaune yau a shagon gyaran waya ko na kwamfuta a Tirkaniya bai ga lokacin da tsohon filin ke karɓar fasinja ba, bai kuma riski shekarun da sabon ke cika ya batse ba. Abin da ya sani shi ne fili makeke da jirage ƙalilan.

A shekarar da aka buɗe wannan fili, cikin Nuwamban 1982, kamfanin Microsoft ya fitar da manhajar Flight Simulator, wadda wani injiniya mai suna Bruce Artwick ya rubuta. Koyon tuƙin jirgi a ƙasa ya girme ta nesa ba kusa ba. Tun 1929 Edwin Link ya ƙera wani akwati mai motsi a jihar New York, wanda a Yaƙin Duniya na Biyu aka horar da matuƙa sama da rabin miliyan a cikin irinsa. Abin da Artwick ya yi shi ne ya shigo da abin cikin ɗakin kowa. Wanda ya kunna manhajar a wancan zamani yakan tsinci kansa a kan titin wani ƙaramin fili mai suna Meigs, a bakin tafkin Michigan a birnin Chicago. Cikin daren 30 ga Maris 2003, magajin garin, Richard Daley, ya tura katafila suka farfasa titin, aka wayi gari filin ya tashi aiki. Amma har gobe ana sauka a Meigs, domin masu sha'awar abin sun sake gina shi a kwamfuta. Haka aka yi wa Kai Tak na Hong Kong da aka rufe a Yulin 1998, filin da sai matuƙi ya karya kwana mai tsanani a tsakanin dogayen benaye kafin ya ga titin sauka.

Aikin sake gina fili a kwamfuta kashi biyu ne. Na farko gina filin: tsawon titi da alƙiblarsa, hanyoyin da jirgi ke bi ya isa wurin tsayawa, hasumiya, fitilu, ɗakin fasinja, har launin ƙasa da irin itatuwan wurin. Na biyu shi ne wanda ke hura masa rai. Fili ba jirage kamar kasuwa ce ranar da ba ta ci. Tun daga fitowar Flight Simulator 2002, a ƙarshen 2001, manhajar ta fara sako wasu jirage da kwamfuta ke tuƙawa da kanta: su nemi izini daga hasumiya, su bi layi, su tashi, su sauka, kai ma ka jira naka lokacin. Sai dai kamfanonin da aka rubuta a jikinsu na ƙirƙira ne. Wannan bai gamsar da mutane ba. Wani mai suna Lee Swordy ya rubuta ƙananan manhajoji da suka ba kowa damar shirya nasa jadawalin, mutane suka duƙufa suna kwafe na kamfanonin gaske layi-layi: lambar jirgi, samfurinsa, ranar tashi, ƙarfe nawa, daga ina zuwa ina. Wasu suka zarce haka, suka nemo tsofaffin jadawalai na shekarun 1950 da 1960, suka mayar da jirage masu farfela sararin samaniya, kowanne da fentin kamfaninsa.

Samfurin da kamfanin Asobo na Faransa ya yi wa Microsoft a 2020 yana da filaye kusan 37,000, an ɗora su a kan hotunan tauraron ɗan'adam. Kaduna na ciki da lambarta DNKA, Kano na ciki da DNKN. Na'urar ta san titin Kaduna mita 3,000 ne. Ba ta san waɗanda suka taɓa sauka a kansa ba, kuma ba za ta sani ba sai mun gaya mata.

Abin faɗar kuwa da yawa. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila, samfurin DH.9A, suka sauka Kano daga Masar a ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara kawo wasiƙu da fasinja daga Khartoum. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu dubban jiragen yaƙi da aka harhaɗa a Takoradi sun ratsa ta Kano da Maiduguri a kan hanyarsu ta zuwa Alƙahira. Da aka gama yaƙi sai Kano ta zama zangon da ba makawa, saboda jiragen lokacin ba sa iya tsallake Sahara su wuce kudancin Afirka ba tare da shan mai ba. BOAC da Sabena da KLM duk sun yada zango a nan, ma'aikatansu suna kwana a gari su jira jirgi na gaba. Hotunan shekarun 1950 sun nuna wani abu da ya dace kowane ɗan Arewa ya gani: mutum bisa raƙumi da kakaki a bakinsa, yana busa sanarwar isowar jirgi. KLM ta fara zuwa Kano a 1947, ba ta daina ba sai a 2012. Wanda zai gina filin Kano na 1957, shekarar da aka buɗe sabon ginin fasinja, ya manta da mai kakakin nan, to bai gina Kano ba.

Kaduna ba ta taɓa zama zangon ƙasa da ƙasa irin Kano ba. Nata cinikin na cikin gida ne, kuma daga kudancin kogi yake samun ƙarfi. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a Kakuri a 1957, wasu masaƙu suka biyo baya, masana'antar makamai ta DICON ta zo a 1964, Peugeot ta fara harhaɗa motoci a 1975, matatar mai ta biyo a 1980. Unguwanni irin su Nasarawa da Tirkaniya da Makera sun cika ne da ma'aikatan waɗannan wurare. Manajoji da injiniyoyi da 'yan kasuwar atamfa kuwa kullum suna kan hanyar Legas, kuma Nigeria Airways ce ke ɗaukarsu. Kamfanin ya fara aiki a Oktoban 1958, bayan rabuwar kamfanin haɗin gwiwa na Afirka ta Yamma. Fentinsa kore da fari, alamarsa giwa mai fukafukai. A cikin gida ya yi amfani da Fokker F27 da F28 da Boeing 737, a ƙetare kuma da Boeing 707 da DC-10 da Airbus A310. DC-10 na ƙarshe da aka ƙera a duniya, wannan kamfani aka miƙa wa a 1989.

Daga baya 'yan kasuwa suka shigo. Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, Jarman Kano, ya kafa Kabo Air a 1980. Okada ta taso daga Benin da jiragenta samfurin BAC 1-11. A Kaduna kuma Alhaji Ahmadu Chanchangi ya kafa nasa kamfanin a 1994, ya fara jigila a 1997, jiragensa Boeing 727 suka zama abin dogaron matafiya tsakanin Kaduna da Abuja da Legas. A tsohon filin Mando ma ba a zauna ba: kamfanin Dornier da ke can ya harhaɗa ƙananan jiragen koyo da ake kira Air Beetle domin sojojin sama. Jirgi ne da aka haɗa a Kaduna, kuma 'yan Kaduna kaɗan ne za su iya siffanta shi yau.

Waɗannan duk ana iya samunsu a takarda. Wanda ba ya cikin takarda shi ne abin da ke kan tsofaffin ma'aikata, kuma shi ya fi damuna. Ka zauna da wanda ya yi aikin cikin jirgi a wancan zamani, da wuya ya fara maka da samfurin inji. Zai fara da hazon hunturu, yadda ake iso Kaduna ko Kano a yi ta shawagi ba a ga titi ba, a ƙarshe a karkata wani gari a kwana. Zai ba ka labarin otal, lokacin da Hamdala da Durbar suke masaukin manyan baƙi. Durbar ɗin, da aka gina domin bikin FESTAC na 1977, an rushe shi a Janairun 2020. Zai daɗe a kan jigilar alhazai: dattawa da tsofaffin mata da ba su taɓa taka jirgi ba, a yi musu bayanin ɗamarar kujera da Hausa da Fulatanci, a lallashe su a kan buta da alwala, a dawo da su da jarkokin zamzam da kaya fiye da ƙima. Zai kuma tuna shekarun da abubuwa suka fara lalacewa, lokacin da tikiti kan fi kujeru yawa, fasinja su zuba a guje zuwa matakalar jirgi.

Akwai ranakun da ba a son tunawa, amma tarihin da ya tsallake su ba na gaskiya ba ne. Ranar 22 ga Janairu 1973 jirgin Boeing 707 da ya kwaso alhazai daga Jidda ya yi haɗari wajen sauka a Kano cikin hazo, mutum 176 suka rasu. Ranar 11 ga Yuli 1991 wani DC-8 da ya ɗebo alhazai zuwa Sakkwato ya kama wuta jim kaɗan bayan tashi daga Jidda, duka mutum 261 da ke ciki suka riga mu gidan gaskiya. A Kaduna kanta, ranar 13 ga Nuwamba 1995, Boeing 737 na Nigeria Airways ya zarce titi wajen sauka, mutum 11 suka rasu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Irin waɗannan ranaku ne suka sa ake tilasta wa matuƙa komawa na'urar kwaikwayo lokaci-lokaci, su gwada mutuwar inji da tashin gobara da sauka cikin hazo a inda kuskure ba ya cin rai. Kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya, da aka kafa a 1964 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, tana da irin waɗannan na'urori, na matuƙa da na masu aikin hasumiya. Can aka horar da Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin fasinja a Najeriya, wadda daga baya ta shugabanci kwalejin.

Nigeria Airways ta daina tashi a 2003. Ma'aikatanta sun shekara da shekaru suna jiran haƙƙinsu, da dama sun rasu ba su karɓa ba, a 2018 gwamnatin tarayya ta saki sama da naira biliyan 22 daga ciki. Chanchangi ma ta tsaya, mai ita ya rasu a Afrilun 2017. Daidai lokacin ne filin Kaduna ya ga cikar da ya daɗe bai gani ba: an rufe na Abuja mako shida domin gyaran titi, daga 8 ga Maris, aka karkato jirage nan. Yawancin kamfanonin Turai suka ƙi zuwa, Ethiopian Airlines ta zo da Boeing 787. Da aka buɗe Abuja ranar 18 ga Afrilu, sai jiragen suka koma.

Na san akwai masu ganin duk wannan wasan yara ne. Ban yarda ba. Wanda ya ce zai gina filin Kaduna na 1985 a kwamfuta, dole ya san wane jirgi ke isowa da safe, daga ina, a ina yake tsayawa, wane gini ke akwai lokacin, wanne ne aka ƙara daga baya. Waɗannan tambayoyin masanin tarihi ne, kuma amsoshinsu suna cikin garin nan. Akwai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa reshen Kaduna, akwai Gidan Arewa, akwai tsofaffin bugun jaridar New Nigerian da kamfanonin jirage ke tallata lokutan tashinsu a ciki. Sama da duka akwai littafin da kowane matuƙi ke riƙewa, inda yake rubuta kwanan wata da lambar jirgi da inda ya tashi da inda ya sauka da awannin da ya yi a sama. Littafin kyaftin guda ɗaya ya isa a fitar da zirga-zirgar shekaru.

Kayan aikin ma bai fi ƙarfin matasanmu ba. Flight Simulator 2004 tana tafiya a kan tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ba tare da intanet ba, FlightGear kuwa kyauta ce. Yaron da ya iya buɗe waya ya gyara a Tirkaniya, ya kuma iya zanen kati da fosta, zai iya zana giwar Nigeria Airways a wutsiyar Fokker.

Abin da ba zai iya ƙirƙira ba shi ne shaidar waɗanda suka gani da idonsu, kuma yawancinsu sun manyanta. Saboda haka kirana ga iyalan tsofaffin matuƙa da injiniyoyi da ma'aikatan cikin jirgi da na hasumiya, a Kaduna da Zariya da Kano: ku buɗe akwatunan nan kafin gara ta riga ku. Ku ɗauki hoton kowane shafi na littafin tuƙi, da tsofaffin tikiti da jadawalai da hotunan bakin jirgi. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke raye, ya kunna waya ya naɗi labarin daga bakinsu, ya kai kwafi Gidan Arewa.