Daga raƙumi zuwa giyar otomatik: labarin motocin safa a Jarwal



Duk wanda ya taɓa sauka a masaukin alhazai na unguwar Jarwal, arewa maso yammacin Masallacin Harami a Makka, ya ga yadda manyan motocin safa ke jerin gwano a kan titi, su ɗan matsa gaba su tsaya, su sake matsawa su sake tsayawa. Ku da ke zaune a ciki, gajiya ce kawai ke damunku. To amma a yau so muke mu leƙa wajen direba, mu dubi ƙafarsa ta hagu, mu kuma tambaya: shin za a iya ɗaukar tsohuwar safa mai giyar hannu a mayar da ita otomatik?

Jarwal dai ba yau ta fara karɓar matafiya ba. Tun zamanin daular Turkawa a nan ayarin raƙuma da ke fitowa daga Jidda ke yada zango, kuma Hausawa da sauran mutanen Afirka ta Yamma sun daɗe da zama a unguwar. Bayan Sarki Abdul'aziz ya karɓi Makka a shekarar 1924, motoci suka fara ƙwace wa raƙuma aikin jigilar alhazai. A shekarar 1372 bayan Hijira, wato farkon shekarun 1950, aka kafa hukumar nan da ake kira Naƙaba domin tsara aikin kamfanonin motocin alhazai, sannan a 1979 aka kafa kamfanin sufuri na SAPTCO.

Abin da ke kashe mota a Makka ba nisa ba ne. Daga Harami zuwa Arfa bai wuce kimanin kilomita 20 ba, tafiyar da ba ta kai daga Kano zuwa Wudil ba. Matsalar ita ce cunkoso da tuddai da zafin rana. A watan Yunin 2024, alal misali, zafi ya haura digiri 51 a ma'aunin Salshiyos a Makka.

A mota mai giyar hannu, kuloci ne ke haɗa inji da akwatin giya. Faifai ne da ake matse shi a jikin wani faifan ƙarfe da inji ke juyawa. Duk lokacin da direba zai tashi daga tsaye, tilas ya saki kulocin a hankali, faifan yana gogar ƙarfe kafin ya kama, kuma wannan gogayyar wuta ce. Yanzu ku ƙiyasta safa maƙil da mutane hamsin da kayansu, a kan hawa, tana yin haka sau ɗaruruwa a dare guda tsakanin Arfa da Muzdalifa. Wannan ƙaurin da kuke ji kamar ana ƙona tsumma, kuloci ne ke cin kansa. In kuwa ya mutu a tsakiyar layi, ba motar kaɗai ta tsaya ba, duk na bayanta sun tsaya.

Abin mamaki, maganin wannan matsala daga teku ya fito. A shekarar 1905 wani injiniya Bajamushe, Hermann Föttinger, da ke aiki a masana'antar ƙera jiragen ruwa ta birnin Stettin, ya yi rajistar wata dabara ta isar da ƙarfin inji ta hanyar ruwa maimakon gogayyar ƙarfe. Ku ajiye fanka biyu suna fuskantar juna, ku kunna ɗaya, za ku ga ɗayar ma ta fara juyawa. To haka abin yake, sai dai mai ne a tsakani ba iska ba, a cikin rufaffen kasko. Motocin safa na birnin Landan sun fara amfani da irin wannan dabara tun shekarun 1930. Kamfanin General Motors na Amurka ya fitar da giyarsa ta Hydra-Matic a motocin Oldsmobile samfurin 1940, daga bisani kuma kamfanoni irin su Allison a Amurka da Voith da ZF a Jamus suka shahara wajen ƙera wa manyan motoci.

To yanzu mu koma ga tambayarmu. E, ana iya sauya wa tsohuwar safa giya, kuma ana yi. Sai dai duk bakaniken da ya ce maka cire wannan akwati a ɗaura wancan ne kawai, ka riƙe kuɗinka. Da farko sai bakin sabon akwatin ya dace da bayan injin, in ba haka ba sai an ƙera mahaɗi. Tsawon akwatunan ba ɗaya ba ne, saboda haka sai an rage ko an ƙara tsawon farfela, a kuma daidaita ta don kada ta riƙa girgiza mota. Sai a duba ko giyar ƙarshe ta sabon akwatin ta dace da haƙoran aksul na baya, domin in ba ta dace ba, ko dai inji ya yi ta kururuwa mota ba gudu, ko ta kasa hawa tudu. Akwatunan zamani kuma da kwamfuta suke aiki, suna jiran saƙo daga inji, alhali tsohon injin dizal ba ya da bakin magana. Shi ya sa masu irin wannan aiki kan nemi tsofaffin akwatuna irin Allison AT545, wanda ya yi aiki a ɗimbin motocin 'yan makaranta na Amurka.

Babban abin da akan manta kuwa shi ne, zafin nan bai tafi ko'ina ba, ƙaura kawai ya yi daga faifan kuloci zuwa cikin man giya. In ba a sa masa na'urar sanyaya mai isasshiya ba, a yanayi irin na Makka man zai ƙone, akwatin ya bi shi. Ga kuma batun birki, wanda shi ne na rai da mutuwa. Direba mai giyar hannu kan sa ƙaramar giya a gangara inji ya riƙe masa mota. Tsohon akwatin otomatik irin wanda muka ambata ba ya riƙewa sosai, nauyin sai ya koma kan birki, birki kuwa in ya yi zafi ya daina kamawa.

A nan ne za ku fahimci direbobinmu na Kano da Maraɗi da ke cewa su dai a bar su da giyar hannu. Ba ƙauyanci ba ne. In batir ya mutu a tura ta tashi, abin da otomatik ba ta yarda da shi ba, faifan kuloci kuma ana samunsa a Ƙofar Ruwa.

Su kuwa hukumomin Saudiyya ba su bi ta gareji ba, sai suka nemi rage tsaye-tsayen da kansa. A tsakiyar shekarun 1990 aka fara tsarin motoci masu kai-komo a kan hanyoyin da aka keɓe musu tsakanin Mina da Arfa da Muzdalifa. A 2010 jirgin ƙasa na Masha'ir ya fara aiki, a 2022 kuma aka ƙaddamar da motocin safa na cikin birnin Makka, irin waɗanda tun daga masana'anta ba a yi musu wurin taka kuloci ba.

A nan za mu dakata, sai kuma wani makon idan Allah ya kai mu.