Labarin Baitulmali da Bashin Fansho

Kafin a kafa baitulmalin En'e a ƙasashen Arewa, wajen shekarar 1911, hakimi da alƙali da magatakarda ba su da albashi tsayayye, abin da suka samu cikin haraji da gaisuwa shi ne abincinsu. Da aka kafa shi sai aka yanka wa kowa nasa. Harajin da dagatai suka tara a Taloka da sauran garuruwan ƙasar Goronyo, da na Wurno da na Raba, har da jangali, duka Sakkwato a ke kai su. Gwamnati ta ɗauki kasonta, saura ya shiga hannun Ma'aji. Ƙa'idar kuwa ita ce, kowace shekara a yi kasafi, abin da ya yi rara a ajiye shi domin ranar wuya.

Ranar wuyan ba ta daɗe ba ta zo. A 1929 ciniki ya karye a Amurka, masifar ta game duniya. Kuɗin gyaɗa da auduga da fatu ya faɗi warwas, har talaka ya sayar da amfanin gonarsa bai haɗa kuɗin haraji ba. Aka rage albashi, aka tsai da ayyuka da dama. Mutanen wannan zamani sun ga abin da idonsu: kuɗin shiga yakan hau ya sauka, amma alkawarin da hukuma ta ɗauka ba ya sauka.

To, fansho yana cikin irin wannan alkawari. A 1951 aka yi dokar fansho ta ma'aikatan Gwamnati, aka mai da farkon aikinta Janairu 1946. Ran da aka ɗauki yaro aiki, ran nan aka ci bashin da za a biya shi da tsufa, sai dai bashi ne wanda ba ya fitowa a littafin kuɗi na wannan shekara.

Da kuɗin man fetur ya yawaita sai aka manta. A 1974 aka yi ƙarin albashi na Udoji. A 1976 aka shimfiɗa tsarin ƙananan hukumomi wanda ya gaji En'e, aka koma dogara ga kason da a ke aikowa daga Ikko. Dokar fansho ta 1979 kuwa ba ta nemi a tara kome ba, fanshon kowace shekara daga kasafin wannan shekara a ke fid da shi. Sai ga mai ya faɗi, har a 1982 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta yi dokar tsuke bakin aljihu. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gama a 1984, sai a 1992 aka buɗe ta. Tsofaffin ma'aikata suka yi ta jeka-ka-dawo a ofisoshi, waɗansu suka rasu ba su ga haƙƙinsu ba.

Bashin waje ma ya taru. A 2005 ƙasashen Kulob ɗin Paris suna bin Nijeriya wajen dala biliyan 30. Suka yafe biliyan 18, aka biya wajen 12, aka gama a 2006. A 2004 kuma aka yi sabuwar dokar fansho, ma'aikaci da mai ba shi aiki kowa ya riƙa zuba kashi 7.5 cikin ɗari na albashi a asusu. A 2014 aka mai da shi kashi 8 da kashi 10. Duk da haka, da mai ya sake faɗuwa, a 2015 sai da Gwamnatin Tarayya ta ranta wa jihohi da yawa kuɗin biyan albashin da ya maƙale.

Sau uku ke nan, 1929 da 1982 da 2015, kowanne wadata ce ta rigaye shi. Manomin Taloka ba ya buɗe rumbu ya ci irin shuka don damina ta yi kyau. Duk wanda aka danƙa wa dukiyar jama'a ya kamata ya lissafta fanshon ma'aikaci tun ran da ya sa hannu aka ɗauke shi, ya kuma ware kuɗinsa. Allah ya jiƙan magabata, ya ba na baya ikon riƙon amana, amin.