Haraji da takardun shigo da jirgin ruwa na hannu Najeriya

A ranar 14 ga watan Satumbar 2024, wani kwale-kwale na katako ɗauke da manoma ya kife a kogin da ke kusa da garin Gummi, a yammacin jihar Zamfara, inda mutane fiye da 40 suka rasa rayukansu.

Rahotannin da suka fito daga yankin a lokacin sun ce ɗaruruwan manoma ne ke tsallaka kogin kowace rana domin zuwa gonakinsu, amma jirage biyu kacal ke yin fito.

A ƙananan hukumomin Gummi da Bukkuyum da Anka, gulabe da ƙoramu kan cika su tumbatsa da damina, har hanyoyin ƙauyuka irin su Dareta su yi wuyar bi. Ma'aikatar kula da harkokin teku ta tarayya, wadda aka kafa a 2023, ta sha yin kira da a maye gurbin jiragen katako da na faiba ko na alminiyam.

Sabon jirgi irin wannan yana da tsada, saboda haka ɗan kasuwa ko ƙungiyar manoma ko ƙaramar hukuma na iya tunanin sayo na hannu daga waje. Sai dai kuɗin jirgin somin-taɓi ne. Akwai haraji, akwai kuma takardu, kuma wasu daga cikinsu tilas ne a same su tun kafin jirgin ya baro ƙasar da aka saye shi.

Takardun da za a karɓa daga mai sayarwa

Jirgin ruwa kamar mota yake: yana da mai shi, yana da lamba, sau da yawa kuma yana da rajista a wata ƙasa.

Takarda ta farko ita ce ta ciniki, wadda ke nuna sunan mai sayarwa da na mai saye, da farashi, da lambar gangar jikin jirgin, da lambar injinsa. Idan lambar da ke takarda ta saɓa da wadda ke jikin jirgi, jami'an kwastan na iya riƙe shi.

Ta biyu ita ce shaidar soke rajistar jirgin a ƙasar da ya fito. Ƙa'idar duniya ba ta yarda jirgi ya riƙe rajistar ƙasashe biyu a lokaci guda ba. Wannan takarda tana kuma taimaka wa mai saye ya tabbatar cewa ba a jinginar da jirgin ga wani banki ba.

Ta uku ita ce takardar kamfanin da ya ƙera jirgin, mai nuna shekarar ƙira da yawan mutane ko nauyin kayan da aka yi shi domin ɗauka.

Ta huɗu kuwa rahoton ƙwararren mai duba jirage ne, wanda ba yaron mai sayarwa ba. Shi zai faɗi ko gangar jikin ta tsage, ko ta sha ruwa, ko injin ya gaji. Fenti yana ɓoye aibi mai yawa, kuma hoton da aka turo ta waya ba ya nuna ƙarƙashin jirgi.

Takardun banki da na kwastan

A Najeriya, shigo da kaya yana farawa ne daga banki. Mai shigo da kaya yana buƙatar lambar shaidar biyan haraji, wato TIN, sannan ya buɗe takardar da ake kira Form M ta hannun bankin da Babban Bankin Najeriya ya amince da shi.

Ana buɗe wannan takarda kafin a yi lodi, ko da kuwa mai sayen ba ya neman kuɗin musanya daga banki. Wanda ya bari sai kayansa sun iso tashar Apapa ko Tin Can a Legas sannan ya fara nemanta, ya jawo wa kansa jinkiri da asara.

Ana buƙatar a yi wa kayan da za a shigo da su inshora a kamfanin da ke da rajista a Najeriya, kuma shaidar hakan tana cikin abin da banki ke nema.

Bayan an yi lodi, kamfanin sufuri zai bayar da takardar lodi. Da ita da rasit na ƙarshe da jerin abubuwan da ke cikin kayan ne hukumar kwastan ke fitar da rahoton da ake kira PAAR, wanda aka fara amfani da shi a ƙarshen 2013. Rahoton yana nuna ajin da aka sa kayan da ƙimar da za a ɗora haraji a kanta.

A 2024 hukumar ta fara aiki da sabuwar manhajar kwamfuta mai suna B'Odogwu, wadda ake shigar da bayanan kaya a cikinta. Galibin masu shigo da kaya suna ɗaukar ejan mai lasisin kwastan ya yi musu wannan aiki, amma kayan mai su ne ake riƙewa idan bayanan suka zama na ƙarya.

Yadda ake lissafin kuɗin fito

A Hausa, kuɗin fito na nufin abin da ake biyan mai kwale-kwale ya tsallakar da mutum, yana kuma nufin harajin da kwastan ke karɓa. Mai shigo da jirgin ruwa sai ya biya na biyun kafin ya fara karɓar na farkon.

Ba a kan farashin jirgin kaɗai ake lissafi ba. Ana haɗa farashin da kuɗin dako da na inshora, sannan a juya jimillar zuwa naira bisa farashin musanya na hukuma. Tun bayan da aka saki naira ta nema wa kanta daraja a watan Yunin 2023, wannan ɓangare ya yi nauyi ƙwarai: dalar da ba ta kai naira 500 a hukumance ba a farkon 2023 ta haura naira 1,400 a cikin 2024.

Najeriya tana bin tsarin harajin bai-ɗaya na ƙungiyar ECOWAS ko CEDEAO, wanda ya fara aiki a 2015. Tsarin yana da matakai biyar: sifiri, da kashi 5, da 10, da 20, da 35 cikin 100. Kayan aikin sana'a suna ƙananan matakai, kayan masarufi da na more rayuwa kuma suna sama.

A kundin rarraba kayayyaki na kwastan na duniya, jiragen ruwa suna babi na 89. Na ɗaukar fasinja da kaya suna ƙarƙashin lamba 8901, na kamun kifi 8902, na shaƙatawa da wasanni da ƙananan kwale-kwale kuma 8903. Injin da ake maƙalawa a bayan jirgi, idan an shigo da shi daban, yana da nasa aji a babi na 84. Jirage na hannu da ke kasuwannin Turai da yawa an ƙera su ne domin shaƙatawa, kuma kwastan yana duba yadda aka ƙera jirgi ne, ba niyyar wanda ya saya ba.

Bayan kuɗin fito akwai harajin ECOWAS na rabin kashi ɗaya cikin 100 a kan kayan da suka fito daga wajen yankin. Akwai kuma harajin VAT, wanda aka ɗaga daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin 100 a watan Fabrairun 2020, kuma ana ɗora shi ne a kan ƙimar kayan haɗe da sauran haraje-harajen.

A ɗauka an sayi jirgi a kan naira miliyan 10, dako da inshora sun ci miliyan 4. Ƙimar ta zama miliyan 14. Idan ya faɗa matakin kashi 5, kuɗin fito naira 700,000 ne, VAT kuma kusan miliyan 1.1. Idan ya faɗa matakin kashi 20, kuɗin fito miliyan 2.8 ne, VAT kuma kusan miliyan 1.3. Bambancin ya haura naira miliyan biyu a kan jirgi guda, tun ba a zo kan kuɗin tasha da ladan ejan ba.

Ƙananan kuɗaɗen da ake ƙarawa sukan canza. Dokar hukumar kwastan ta 2023 ta tanadi karɓar kashi 4 cikin 100 na farashin kaya. An fara karɓa a watan Fabrairun 2025, aka dakatar bayan koke-koken 'yan kasuwa, aka dawo da shi a watan Agusta, sannan ma'aikatar kuɗi ta ba da umarnin sake dakatarwa a watan Satumba na shekarar. Don haka ne ake neman lissafi a rubuce daga ejan kafin a biya kuɗin jirgi.

Taƙaddama kan ƙima

A kan kayan hannu aka fi samun saɓani, domin babu tsayayyen farashi. Ƙa'idar ita ce a yi aiki da ainihin kuɗin da aka biya. Amma idan jami'i ya yi shakkar rasit, yana da ikon neman ƙarin hujja, ko ya ƙiyasta bisa farashin makamancin kayan.

Shaidar tura kuɗi ta banki da rahoton mai duba jirgi su ne garkuwar mai kaya a nan. Rage farashi a takarda domin kauce wa haraji laifi ne da ka iya jawo tara ko ƙwace kayan.

Kowace ranar jinkiri kuma tana da kuɗinta, na ajiya a tasha da na riƙe kwantena. Kayan da suka daɗe ba a fanshe su ba, doka ta ba kwastan damar yin gwanjonsu.

Ta teku ko ta kan iyaka

Zamfara ba ta da gaɓar teku, saboda haka jirgin da ya sauka a Legas sai ya hau tirela zuwa arewa. An buɗe tashoshin tsandauri a Kaduna a 2018, da Kano a 2023, da Funtua a 2024, domin a riƙa kammala aikin kwastan kusa da gida. Ta Funtua ce ke kan hanyar Gusau. Wanda ke son amfani da ɗaya daga cikinsu sai ya tsara hakan da kamfanin sufuri tun kafin lodi.

Wasu kan waiwayi Kwatano a jamhuriyar Benin, ko kasuwannin bakin kogin Kwara a Nijar. Rangwamen cinikayya na ECOWAS na kayan da aka samar a cikin yankin ne, tare da shaidar asali. Jirgin da aka ƙera a Faransa ko Japan ba ya zama ɗan gida don an saye shi a Kwatano.

Iyakokin tudu kuma suna tafiya da siyasa. Najeriya ta rufe su daga watan Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, lokacin da aka buɗe na Illela da Maigatari da Seme. An sake rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin watan Yulin 2023, Najeriya ta buɗe ɓangarenta a watan Maris na 2024, sannan Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025.

Izinin shiga ruwa

Takardar kwastan shaida ce cewa an biya haraji. Ba ta ba kowa izinin ɗaukar fasinja ba.

Wannan aikin hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ne, wato NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedkwata a Lokoja. Ita ke duba jirage, ta yi musu rajista, ta ba matuƙa lasisi. A watan Janairun 2024 Kotun Ƙolin Najeriya ta tabbatar da ikon gwamnatin tarayya a kan hanyoyin ruwa na cikin gida, a shari'ar da ta haɗa hukumar da jihar Legas. Ƙa'idojin hukumar sun hana tafiyar dare da lodin da ya wuce kima, sun kuma wajabta sanya rigar kariya daga nutsewa.

Manyan jirage na kasuwanci suna ƙarƙashin hukumar NIMASA, kuma dokar sufurin gaɓar teku ta 2003 ta fifita jiragen da aka ƙera a Najeriya, mallakar 'yan Najeriya. Ana ƙera jiragen faiba a Legas da Fatakwal, don haka yana da kyau a kwatanta farashinsu da jimillar kuɗin na waje bayan haraji.

Sai kuma tambayar da babu ofishin da zai amsa wa mai saye: shin jirgin ya dace da gulbin? Gulaben yammacin Zamfara suna gudu da ƙarfi a watan Agusta da Satumba, su ja baya su bar rairayi da rani. Jirgi mai zurfin ciki da aka yi domin teku zai maƙale, injin da babu kayan gyaransa a Gusau ko Sakkwato ko Yawuri kuma zai zauna a gaɓa.

Haɗarin Warra a jihar Kebbi a watan Mayun 2021, da na Bagwai a jihar Kano a watan Nuwamban shekarar, da na Gummi, duka an alaƙanta su da lodin da ya fi ƙarfin jirgi. Adadin mutanen da kamfani ya rubuta a takardar ƙira shi ne ya kamata a rubuta da fenti a jikin jirgin, inda kowane fasinja zai gani kafin ya shiga.