Ma'anar kalmomin tantance ingancin tsofaffin kayan wasan yara a kasuwar masu tarawa

A Amurka da Turai da Japan, tsofaffin kayan wasan yara sun daɗe da zama haja mai tsada da manya ke tarawa. 'Yar tsanar Barbie ta farko, wadda kamfanin Mattel ya fitar a 1959 kan dala 3, yau ana sayen mai lafiya a cikinsu da dubban daloli. A watan Agustan 2024, kamfanin gwanjo na Goldin ya sayar da wani ɗan mutum-mutumin roba na Boba Fett, ɗaya daga cikin taurarin fina-finan Star Wars, wanda tsawonsa bai kai inci huɗu ba, kan sama da dala miliyan 1.3. Kamfanin Kenner ne ya ƙera shi a 1979 a matsayin samfurin gwaji. A wannan kasuwa, ƙarancin abu da lafiyar jikinsa su ne ke yanka farashi, kuma ana bayyana lafiyar ne da wasu gajerun kalmomi da haruffa.

Tushen kalmomin

Kalmar da sauran suka ginu a kanta ita ce "mint". An aro ta ne daga masu tara tsabar kuɗi, inda take nufin kwabon da yake kamar yanzu ya fito daga gidan buga kuɗi. A Najeriya ma da ita ake kiran sabbin takardun naira da hannu bai taɓa ba. Idan aka liƙa ta ga kayan wasa, ana nufin sabo dal ne, babu ƙarce, babu tabo, fenti bai koɗe ba. Ƙasa da ita akwai NM, wato wanda ya kusa kai wa wannan matsayi, sai dai yana da ɗan aibin da sai an ƙura ido ake gani. Daga nan sai EX da VG, masu alamun amfani kaɗan ko matsakaici.

Kalmomin da suka shafi kwali

Sau da yawa kwalin ya fi abin da ke cikinsa wuyar samu, domin yara na yaga shi tun ranar farko. MIB na nufin abin wasan lafiya lau yake kuma yana tare da kwalinsa, amma hakan bai hana a ce an taɓa buɗewa ba. NRFB na nufin ba a taɓa ciro shi daga kwalin ba, kalmar da ta fi yawa a bakin masu cinikin Barbie. MISB ya ƙara da cewa liƙin masana'anta yana nan daram. MOC kuwa ya shafi irin kayan da ake liƙawa a jikin kati a rufe da roba mai garau, kamar 'yan mutum-mutumin Star Wars da Kenner ya fara fitarwa a 1978 da motocin Hot Wheels da suka fito tun 1968. Katin da ba a huda ramin ratayarsa ba yakan fi daraja.

Wanda ya rabu da kwalinsa ana kiran sa "loose", wato sakakke. A nan abin dubawa shi ne ko yana tare da dukkan tarkacensa na asali, kamar hula ko bindiga ko mayafi. Kalmar "repro" na nuna cewa wani sashe kwaikwayo ne da aka ƙera daga baya, kuma ɓoye hakan ha'inci ne a wurin masu wannan sana'a.

Ma'auni da lambobi

Akwai ma'aunin C, daga C1 zuwa C10. C10 shi ne marar aibi, C9 da C8 masu ɗan lahani, C5 wanda aka sha wasa da shi, C1 kuwa ya lalace. Mai sayarwa ne ke ba kayansa wannan maki da kansa, babu wata hukuma da ke sa ido, shi ya sa C9 na wani kan zama C7 a idon wani, kamar yadda dilar gwanjo "giredi na ɗaya" ke bambanta daga dila zuwa dila.

Wannan gibi ne ya haifar da kamfanonin tantancewa masu zaman kansu, irin su AFA a Amurka da UKG a Birtaniya. AFA na bayar da maki daga 10 zuwa 100, yana duba kati da robar murfi da abin wasan kowanne daban, sannan ya rufe kayan cikin akwatin roba mai ƙarfi tare da lamba. Harafin U na nuna kayan da ba su taɓa shiga hannun jama'a ba, Y kuma na nuna robar murfin ta fara komawa ruwan ɗorawa. Tazarar maki biyar kawai, tsakanin 80 da 85, na iya kawo babban bambanci a farashi.

Lahanin da ke rage daraja

Hasken rana na koɗar da launi, danshi na kumbura kwali, zafi kuma na narkar da gam har roba ta ɗage daga kati. Tsofaffin 'yan tsanar Barbie kan yi koren tabo a kunne sakamakon 'yan kunnen ƙarfe da suka daɗe a jikin roba. Wasu tsofaffin motocin ƙarfe na Dinky kuma kan tsattsage da kansu saboda gurɓataccen haɗin ƙarfen da aka zuba su da shi.

Abin lura ga mai ciniki

Kowace kalma alkawari ce a kan abu guda kawai. NRFB bai ce kwalin yana da kyau ba, MIB bai ce ba a buɗe ba, maki mai yawa kuma bai mayar da abin da ya cika kasuwa ya zama mai tsada ba. Gogaggun masu saye a shafuka irin su eBay kan nemi hotunan kowace kusurwa, su tambayi ko makin na kamfani ne ko na mai kaya, su kuma tabbatar da lambar tantancewa kafin su biya. Mai sayarwa da ya faɗi aibin hajarsa tun farko shi ne ke tsira daga dawo da kaya da zubewar suna.