Daga daɓen makuba zuwa epoksi: tarihin ƙasan wurin aiki, da abin da mai gareji ya kamata ya sani

1/ Kwanan nan bidiyon ƙasan epoksi sun cika TikTok da Instagram. A zuba wani ruwa mai kala, a baza, washegari ƙasa tana ƙyalli kamar madubi. Matasa masu shirin buɗe gareji, shagon walda ko wurin wankin mota sun fara tambayar ko shi za su zuba. Kafin mutum ya fasa asusun da ya daɗe yana tarawa, ku zo mu bi tarihin abin. Zaren da ɗan tsawo, ku gyara zama.

2/ Ni ɗalibin fannin gine-gine ne, kuma ga abin da na fahimta daga tarihin nan. Duk wani abu da ɗan Adam ya taɓa sa wa ƙasa don ta yi ƙarko, ɗayan biyu ne. Ko dai mai shiga jikin ƙasar ya ƙara mata tauri, ko kuma mai kwanciya a samanta kamar fata. Kowanne da inda yake da amfani, da inda yake cin amanar mai shi. Ku riƙe wannan, za mu yi ta dawowa kansa.

3/ Mu fara da gida. Kafin zuwan siminti, ƙasan ɗaki a ƙasar Hausa daɓe ne, kuma aikin mata ne. A kawo jar ƙasa mai tsakuwa a baza, a yayyafa ruwa, mata su jeru da madaɓi suna bugu suna waƙa, har ƙasar ta daina nutsewa. Waƙoƙin daɓe har yau ana nazarinsu a sassan Hausa na jami'o'i. Amma mu abin da ya dame mu shi ne ruwan da suke yayyafawa.

4/ Makuba ke nan. Bayan an cire garin ɗorawa da kalwa, kwasfar da ta rage ita ake jiƙawa har ruwan ya yi duhu. Ruwan nan yana ɗauke da sinadarin da ke cikin bagaruwa, wanda majema ke jeme fata da shi. Ana yayyafa shi ana bugu, sai daɓen ya yi duhu, ya ƙara tauri, ruwa ya daina saurin cin sa. Lura da kyau: makuba shiga ƙasar take yi. Shi ya sa daɓe yakan zaizaye a hankali, amma ba za ka ga ya saɓule kamar ɓawo ba.

5/ To wuraren sana'a fa? Nan ne laso ya shigo. Marina wuri ne da ruwan baba ke kwana a rami tsawon kwanaki, in ramin yana tsiyaya an yi asara. Sai marina suka riƙa kwashe katsi, wato laka da ke taruwa a gindin ramin rini, su ƙone shi, su haɗa da gashin jima da dafara, wata tsiro mai yauƙi. Da wannan ake shafe cikin ramin, ruwa ba ya ratsawa.

6/ Masanin tarihi Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Bayero, ya yi bincike kan rinin Kano a ƙarni na 19. Da can a manyan tukwane ake rini. Da laso aka samu damar haƙa manyan ramuka, aka riƙa rina tufafi da yawa lokaci ɗaya. A 1851 da Heinrich Barth ya zo Kano, ya tarar tufafinta suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Wato rufin ramin aiki yana cikin abubuwan da suka ɗaga tattalin arzikin birni guda.

7/ Abin burgewa ma, laso daga sharar sana'o'i biyu aka haɗa shi, ta marina da ta majema. Kuma shi na rukuni na biyu ne, mai kwanciya a sama, sai dai da kauri ake shafa shi a kan bango mai kaushi da zai kama. Magina suka ɗauke shi suna shafe rufin soraye. Kauri da kaushin wurin da za a shafa: waɗannan biyun su ne har gobe suke raba epoksi mai kyau da na banza.

8/ Mu tsallaka Turai, inda siminti ya fito. A 1824 wani magini a birnin Leeds na Ingila mai suna Joseph Aspdin ya yi rajistar abin da ya kira simintin Portland, saboda in ya bushe yana kama da wani dutsen gini na tsibirin Portland. Sunan ne har yanzu kake gani a jikin buhu. Amma an ɗauki shekaru masu yawa kafin kankare ya zama ƙasan masana'anta na yau da kullum.

9/ Har farkon ƙarni na 20, masana'antu da yawa a Amurka da Turai da guntayen katako suke shimfiɗa ƙasa, a jera su a tsaye kamar bulo. Kuma da dalili. In ƙarfe ya suɓuce ya faɗi ba ya lalacewa, katakon yana shanye mai, ƙafar ma'aikaci ba ta saurin gajiya, in guda ya lalace a cire shi kaɗai. Wanda ya zaɓi wannan ƙasar ya duba aikin da za a yi a kai ne, kyan ido bai shigo lissafinsa ba.

10/ Sai mota ta zo. Kalmar gareji ma daga Faransanci take, daga wata kalma mai nufin ajiye abu a wurin da zai tsira. A 1910 kamfanin Ford ya buɗe masana'antarsa ta Highland Park, ginin kankare da rodi wanda Albert Kahn ya zana. Daga wannan zamanin kankare ya mamaye masana'antu da gareji, domin yana ɗaukar nauyi kuma wuta ba ta cin sa.

11/ A wajenmu, da farko ta jirgin ruwa siminti ke zuwa. Masana'antar farko a Najeriya ita ce ta Nkalagu a 1957. Ta Sakkwato ta fara aiki a 1967, ta Ashaka a 1979. A Nijar kuma akwai ta Malbaza tun shekarun 1960. Cikin ƙarni ɗaya daɓen siminti ya ture na makuba a birane. Sunan dai bai canza ba, har yau daɓe muke cewa.

12/ Sai dai kankare yana da rauni da ido ba ya gani. Cike yake da ƙananan ƙofofi kamar soso. Baƙin mai in ya zuba yana nutsewa ciki, ba ya fita. Ruwan batir yana cin sa. In an cika ruwa wajen kwaɓi, samansa yakan zama wani siririn ɓawo marar ƙarfi da ke ta tashi da ƙura. Daga ƙasa kuma danshi yana hawowa ta cikin ƙofofin nan. Duk abin da aka ƙirƙiro daga baya, maganin waɗannan ake nema.

13/ Maganin farko shi ne jan siminti, irin wanda ake gani a tsofaffin gidajen gwamnati da makarantu: a zuba jan gari cikin simintin sama, a goge. Sai tarazo, wanda asalinsa daga yankin Venice na Italiya ne, inda ma'aikata ke tattara ɓarɓashin dutsen marmara su daɓe da shi. Ya yi tashe a nan a shekarun 1970 da 1980. Ku duba tsofaffin asibitoci da ɗakunan karatu, da yawa har yau tarazon yana nan daram.

14/ Me ya sa suka daɗe? Domin kalar da dutsen a cikin jikin daɓen suke. Fenti kuwa sama yake kwanciya, kaurinsa bai fi na takarda ba. A gareji, mota ta dawo daga titi tayarta da zafi, ta tsaya a kai, fentin ya yi laushi ya manne da taya. Ana ja da baya ya taso. Man birki shi ma yana saɓule fenti. Shi ya sa fentin ƙasa a gareji sau da yawa ba ya ganin damina biyu.

15/ Yanzu ga gogan. A ƙarshen shekarun 1930 wani masanin sinadarai a Suwizalan, Pierre Castan, yana aiki da kamfanin kayan haƙori, ya haɗa wani ƙaro da ke daskarewa ya yi tauri. Kamfanin Ciba ya karɓi fasahar, a 1946 ya fito da ita da sunan Araldite. E, gam ɗin nan mai bututu biyu da makanikai ke liƙe abubuwa da shi. A Amurka kuma Sylvan Greenlee ya kai ga irin wannan sinadarin ta tasa hanyar a shekarun 1940.

16/ Duk wanda ya taɓa amfani da Araldite ya riga ya san yadda epoksi ke aiki. Abu biyu ne, ƙaro da mai daskarar da shi. Ba bushewa yake yi da iska kamar fenti ba, haɗuwar biyun ce ke mai da shi roba mai tauri. Shi ya sa awo yake da muhimmanci. In aka yi kuskuren awo, ko aka tsinka shi da tina don ya yalwata, abin da za a samu fenti ne mai tsadar banza.

17/ Yana da 'yan uwa. A 1937 Otto Bayer a Jamus ya gano foliyuretan, wanda ya fi epoksi jure rana da karce. Wannan yana da muhimmanci a wajenmu, domin epoksi in rana tana dukansa yakan koma ruwan ɗorawa, samansa ya yi gari-gari. Don haka inda rana ke shigowa ana shafa foliyuretan a kan epoksin. Wurin da ba rufi kwata-kwata kuwa, epoksi ba nasa ba ne.

18/ To me ke sa epoksi saɓulewa? Abu uku. Na ɗaya danshi. Epoksi fata ce da ba ta numfashi. In ba a shimfiɗa leda a ƙarƙashin kankaren ba lokacin zubi, danshi zai hau ya tarar da hanya a toshe, sai ya kumbura shi kamar borin jini. Gwajin ba wuya: manna leda mai faɗin santimita 45 kowane gefe da salatif, bar ta aƙalla awa 16. In ka ga raɓa ko wurin ya yi duhu, dakata. Kuma da damina ake wannan gwajin, da rani ƙasa ƙarya take yi.

19/ Na biyu mai. Tsohon gareji da ya sha baƙin mai, epoksi ba zai kama shi ba. Zuba ruwa kaɗan ka gani: in ya tsaya dunƙule bai nutse ba, akwai mai a ciki. Na uku santsi. Sai an goge saman da injin nika an cire ɓawon nan marar ƙarfi, ya yi kaushi kamar sanfefa. Darasin laso ke nan ya dawo. Duk mai aikin da ya zo da bokiti da rola kawai babu injin gugar ƙasa, ka ba shi haƙuri.

20/ Yanayinmu ma yana da nasa sharuɗɗa. Sabon kankare yana son ban-ruwa na aƙalla kwana 7, kuma a jira kwana 28 kafin a shafa masa komai. A zafin Maris zuwa Mayu epoksi yana iya daskarewa tun yana cikin bokiti, don haka kaɗan-kaɗan ake kwaɓawa. Gara a shafa da yamma lokacin da ƙasa ke hucewa, domin da hantsi iskar cikin kankare fitowa take ta bar ƙuraje. Da hunturu a rufe ƙofofi saboda ƙura. Mota kuma ta jira kamar mako guda.

21/ Akwai kuma jikanyar makuba da ba a cika tallarta ba, domin ba ta da kyau a bidiyo. Wani ruwa ne na sinadarin silika da ake fesa wa kankare. Yana nutsewa ya haɗu da sinadarin farar ƙasa da ke ciki, ya cike ƙofofin, saman ya yi tauri ya daina ƙura. Tunda babu fata a sama, babu abin da zai saɓule. Rauninsa shi ne mai da ruwan batir suna iya barin tabo in ba a goge da wuri ba.

22/ Zaɓi ke nan ya koma kan sana'arka. Mai walda: tartsatsi yana ƙona epoksi, kankare mai ƙarfi da ruwan silika ya fi maka. Bakanike mai jak da manyan ƙarafa: kuɗinka ya fara tafiya kan kaurin kankare da rodi, tayil kuwa fashewa zai yi kuma da mai santsi gare shi. Mai gyaran na'urorin mota ko wurin nuna motoci, cikin rufi, ƙasa busasshiya: nan epoksi mai kaurin milimita 2 zuwa 3 yake da rana. Inda ruwa ke zuba, a barbaɗa yashi a kai kafin shafar ƙarshe saboda zamewa.

23/ In kuɗin ba su kai ba, kada ka raba su biyu ka yi kankare rabi, epoksi rabi. Zuba su a ƙasa: ciko mai kyau da aka danne, leda, kankare da ba a cika wa ruwa ba, ban-ruwa, da ɗan gangare zuwa magudana. Epoksi ana iya ƙara shi ko bayan shekara uku. Leda kuwa in ba a sa ba tun farko, sai an fasa ƙasar gaba ɗaya. Masu aikin kuma su sa safar hannu da takunkumi, ƙurar kankare tana illa ga huhu.

24/ Tambayoyi huɗu ga mai aiki kafin ka ba da kafin alƙalami: Da me za ka goge ƙasar? Yaya za ka gwada danshi? Kauri nawa za ka zuba? Ina aikinka da ya shekara biyu ana hawa kansa da mota, in je in gani? Hoton ranar da aka gama aiki ba shaida ba ne, kowane epoksi yana ƙyalli a ranar farko.

25/ Nan zan tsaya. Wanda a garinsu har yanzu ake daɓen makuba ko ake haɗa laso, don Allah ya ajiye mana hoto a ƙasa, kuma ya tambayi tsofaffi yadda suke awo. Wanda ya san mai shirin buɗe gareji ya tura masa zaren. Allah Ya sa wa sana'o'inmu albarka.