Hotuna Huɗu Na Inna

  Yau ba maganar girki ko rainon yara zan yi ba. Tarihi na kawo muku, kuma daga ƙasan adakar mahaifiyata na ciro shi.

Mu mutanen Sharabi ne, a ƙasar Bagudo, kusa da iyakar Jamhuriyar Benin. Bayan rasuwar Inna, Allah ya jiƙanta, muka buɗe adakarta, sai ga hotuna ƙunshe a tsohon ɗankwali. Na Baba sun fi goma, nata huɗu ne kacal, domin mace ce ta kulle, mai hoto kuwa iyakarsa zaure. Ba ta da takardar haihuwa, ba kuma kwanan wata a bayan ko ɗaya. To yaya za a gane lokacin kowanne? Sai na bi hanyar iyayenmu, masu ƙirga shekara da abin da ya faru a ƙasa.

Hoton farko baƙi da fari ne, har ya fara ja. Inna ce amarya, kanta a sunkuye, ga jeren kwanoni a bayanta. Ta sha gaya mana cewa da fam da sule aka biya sadakinta. Kun ga Naira sai ranar 1 ga Janairu 1973 ta fito, ke nan auren ya riga ta. Ta kuma ce ƙanen Baba bai ga bikin ba, yana bakin dāga. Yaƙin basasa ya fara a 1967, ya ƙare a Janairun 1970. Ashe a tsakanin nan aka kawo ta gidanmu.

A na biyu tana goye da ni, ta rame, wuyanta ya fito. Wannan ba ya buƙatar tambaya: farin 1973 ne, wanda ya ƙone gero, ya kashe shanu tun daga nan har Nijar da Mali. Amma ku dubi ikon Allah, atamfar jikinta sabuwa ce fil. Goggonta da ke aure a ƙetare ta aiko mata, tare da buhun masara. Inna har ta koma ga Allah Dahome take kiran ƙasar nan, ko da yake tun 1975 aka sauya mata suna zuwa Benin. A wurinta iyaka aikin Turawan Ingila da Faransa ce, ba ta raba zumunta.

Na uku ɗan ƙarami ne, na fasfo, manne da takardar alhazai. Shi ya fi sa ni hawaye. Shekara da shekaru Inna tana ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a cikin gida, yara na kai mata talla, tana tara kuɗin Makka a gwangwani. A watan Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta canza launin takardun kuɗi, ta rufe iyakoki, aka ba mutane 'yan kwanaki su kai tsofaffin banki. Macen da ba ta fita, ba ta kuma gaya wa kowa tana da ajiya ba, ina za ta? Kafin ta yi shawarar buɗe wa Baba sirrinta, wa'adi ya cika. Rabin gumin nan ya zama takarda. Ba ta yi kuka a gabanmu ba, washegari ta sake ɗora kasko. An buɗe iyaka a 1986, ciniki ya dawo, ta sake tarawa. A takardar an rubuta Jihar Sakkwato, shaidar cewa ta sauke farali kafin a yanke mu daga can.

Na huɗu mai kala ne. Hajiya ce yanzu, tana dariya, haƙorin Makka na ƙyalli, jikanta na fari a cinya. Ana cikin shirin sunan nan rediyo ya sanar cewa Janar Babangida ya ƙirƙiro Jihar Kebbi, ranar 27 ga Agusta 1991, hedikwata Birnin Kebbi. Ku lissafa: an haife ta a Lardin Sakkwato, ta yi aure a Jihar Arewa maso Yamma, ta je hajji daga Jihar Sakkwato, ta ga jika a Jihar Kebbi, alhali ɗakinta ɗaya ne bai gusa ba.

Saura abin da ke ci mini rai. A hoton aure akwai wata budurwa dafe da kafaɗar Inna. Sau ɗaya na tambaye ta, ta ce, "Mi za ki yi da sunanta, ɗiyata? Ƙawata ce ta ƙetare, ranar da kika zamna sai in ba ki labari." Ban zauna ba. Yau na zagaya dangi kaf, babu wanda ya san ta.

Don haka 'yar'uwa, in tsohuwarki na da rai, ko uwar mijinki, kada ki ce sai gobe. Bayan sallar isha'i ɗauko hotunan, ki zauna kusa da ita. Tambaye ta: wace ce wannan? Wane sarki ke kan gado? Da wane kuɗi ake ciniki? An yi fari ko ambaliya? Rubuta a bayan hoton da fensir, da boko ko da ajami, ko ki sa ɗanki ɗan makaranta ya rubuta. Kada ki yi da biro, yana huda takarda. Ki nisanta su da laima da gara, ki sa a ɗauke su da waya a tura wa dangi.

Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ya ƙara wa na raye lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.